Bara ko Maƙwabci: Tarihin Zaman Mutum da Mutum-mutumi a Majigin Zane

Gabatarwa

A bakin Bahaushe, mutum-mutumi shi ne itacen nan da manomi yakan gicciya a tsakiyar gona, ya sa masa tsohuwar riga da malafa domin tsuntsaye da birai su zaci da mutum a wurin. Yana da surar mutum, amma ba ya jin rana, ba mai gaishe shi, kuma idan kaka ta wuce sai a yar da shi ko a hura wuta da shi. Da zamani ya zo da na'urar da ke tafiya da ƙafa, tana ɗaukar kaya, har tana mayar da magana, sai muka ɗauko wannan tsohon suna muka liƙa mata. Sunan ya dace ta fuskar sura, sai dai yana ɗauke da hukunci a cikinsa, watau cewa abin nan kama ce kawai ta mutum, don haka ba shi da hakki a kan kowa.

Wannan hukunci shi ne masu majigin zane, wanda yara ke kira katun, suka shafe fiye da shekara 60 suna tuhuma, musamman a ƙasar Japan. Majigin zane ya fi kowane irin fim dacewa da wannan aiki, domin a cikinsa da mutum da na'ura duk alƙalami ɗaya ne ya zana su, babu mai jini a cikinsu, saboda haka mai kallo ba shi da abin da zai bambance su da shi sai hali. A wannan maƙala za mu bi sawun wannan tuhuma daga farkonta, domin mu nuna cewa ko da yake labaran sun ɗauki mutum-mutumi a matsayin jarumi, wanda suke aunawa a kullum shi ne ubangidansa.

Asalin Suna da Dokar Bara

Kalmar da Turawa da Japanawa ke kiran wannan na'ura da ita, watau robot, ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo mai suna R.U.R. wanda Karel Čapek na ƙasar Cakoslobakiya ya wallafa a 1920, aka fara nuna shi a dandali a 1921. Tushenta a harshensu shi ne robota, ma'ana aikin tilas irin wanda talaka yakan yi wa mai ƙasa. A cikin wasan, wata masana'anta ce take ƙera ma'aikata masu arha waɗanda ba sa neman lada, daga bisani suka yi tawaye suka hallaka 'yan Adam, ba su bar kowa ba sai wani magini, saboda shi ma da hannunsa yake aiki. Ke nan tun ranar raɗin suna, maganar mutum-mutumi magana ce ta bawa da ubangiji, da fargabar da ke zuciyar duk wanda ke cin gumin wani.

Domin kwantar da wannan fargaba, marubucin Amurka Isaac Asimov ya tsara dokoki uku a wani gajeren labari na 1942. Na farko ya hana mutum-mutumi cutar da ɗan Adam ko zuba ido a cuce shi, na biyu ya wajabta masa bin umurni, na uku kuma ya ba shi damar kare kansa muddin hakan bai ci karo da na farko da na biyu ba. Idan muka duba da kyau za mu ga cewa duk nauyin yana wuyan bara. Ransa shi ne a ƙarshen jeri, kuma babu ko layi ɗaya da ya faɗi abin da ya wajaba a kan maigida. Wannan gurbi da aka bari shi ne masu zane na Japan suka shiga cikewa.

Atom: Ɗan da Uba Ya Sayar

Osamu Tezuka, wanda aka haifa a 1928 ya rasu a 1989, ya ga ruwan wutar da jiragen Amurka suka yi wa birnin Osaka a 1945 yana saurayi. Ya karanta aikin likita, amma zane ya rinjaye shi. A 1952 ya fara fitar da labarin zane mai suna Tetsuwan Atomu, aka ci gaba da buga shi har 1968, kuma a ranar 1 ga Janairu, 1963, aka fara nuna shi a talabijin, inda ya kai kashi 193. A shekarar ce kuma ya shiga Amurka da sunan Astro Boy. Abin lura ne cewa shekara bakwai kacal bayan Hiroshima da Nagasaki, Tezuka ya sa wa jaruminsa sunan ƙwayar zarra, ya kuma ba shi zuciya mai aiki da ƙarfin nukiliya, kamar mai cewa ƙarfin da ya ƙone birane ba shi da laifin kansa, sai dai hannun da ya sarrafa shi.

Farkon labarin yana da ban tausayi. Dokta Tenma, shugaban ma'aikatar kimiyya, ya rasa ɗansa Tobio a haɗarin mota, sai ya ƙera yaro na ƙarfe mai kamarsa, ya riƙe shi kamar ɗa. Da shekaru suka shuɗe ya ga yaron ba ya girma, sai ƙauna ta koma ƙiyayya, ya sayar da shi ga wani mai gidan wasa da ke tara jama'a kallon na'urori suna dambe. Wani dattijon masani, Farfesa Ochanomizu, shi ya cece shi, ya sa shi makaranta tare da 'ya'yan mutane. Laifin farko a wannan labari na uba ne, wanda ya ƙera abu domin ya share masa hawaye, sa'annan ya hukunta shi a kan abin da shi maƙerin bai sa masa ba.

Tezuka ya ba da labarin cewa a zamanin da sojojin Amurka ke riƙe da Japan, wani soja da ya bugu ya naushe shi a kan titi saboda ba su ji harshen juna ba, kuma wannan wulaƙanci yana cikin abin da ya haifi jigon rashin fahimta tsakanin mutum da na'ura a ayyukansa. Don haka Atom yakan ceci mutanen da ke ƙyamarsa, yakan tsaya tsakanin jinsi biyu ba tare da ko ɗaya ya amince da shi ɗari bisa ɗari ba. A kashi na ƙarshe, wanda aka nuna a ranar 31 ga Disamba, 1966, ya tashi ya faɗa cikin rana domin ya ceci duniya. Yara sun yi kuka, amma mai nazari dole ya tambaya: ashe ba a karɓar baƙo a cikin jama'a sai ya biya da ransa?

Ba duka labaran wancan zamani ne suka yi wannan nauyi ba. Doraemon na Fujiko F. Fujio, wanda ya fara fitowa a 1969, kyanwa ce ta ƙarfe da aka aiko daga ƙarni na 22 domin ta kula da wani malalacin yaro, Nobita. A nan na'urar ce ke nasiha, yaron kuma shi ke karɓar kayan al'ajabi daga aljihunta ya yi ɓarna da su. Darasin bai canza ba, an dai sa masa sukari ne.

Shekarun Shari'a da Tawaye

Daga 1995 zuwa 2003 maganar ta bar ɗakin yara ta shiga kotu da majalisa. A fim ɗin Ghost in the Shell na Mamoru Oshii, wanda ya fito a 1995, wata manhaja da hukuma ta ƙirƙira domin leƙen asiri ta wayi gari ta san kanta, ta shiga gangar jiki ta roba, ta nemi mafakar siyasa a matsayin mai rai. Da jami'ai suka ce mata ita tsari ce kawai mai neman wanzar da kansa, sai ta mayar musu da cewa ƙwayoyin gadon ɗan Adam ma haka suke. Jarumar fim ɗin, Manjo Kusanagi, jikinta duk ƙerarre ne, kuma mallakar hukuma ne, ita kanta tana shakkar ko akwai sauran mutum a cikinta. Fim ɗin ya rushe katangar da dokokin Asimov suka dogara a kanta, domin ba za ka tsara doka tsakanin ɓangare biyu ba alhali ba ka san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

A Amurka kuwa, Brad Bird ya fitar da The Iron Giant a 1999, labarin da ya gina a kan littafin mawaƙin Ingila Ted Hughes na 1968, ya mayar da shi shekarar 1957, lokacin da tsoron Rasha ya cika zukatan Amurkawa. Ƙaton ƙarfen da ya faɗo daga sama makami ne tun daga ƙirarsa, amma abotarsa da wani yaro ta koya masa cewa yana iya ƙin zama abin da aka ƙera shi ya zama. Wanda ya sa aka harba makamin nukiliya a kan garinsu jami'in gwamnati ne da tsoro ya rufe wa ido, ƙaton kuma shi ya tare makamin da jikinsa.

Fim ɗin Metropolis na 2001, wanda Rintaro ya shirya daga wani tsohon labarin Tezuka na 1949, ya shigo da wani ɓangare na uku da ake yawan mantawa da shi, watau talaka. Birnin hawa-hawa ne, masu mulki a sama, marasa aiki da na'urori a ƙarƙashin ƙasa. Na'urorin sun karɓe ayyukan talakawa, don haka da talakawa suka tashi yin juyin juya hali, da na'urori suka fara huce haushi, ciki har da wani mutum-mutumi ɗan sanda da bai yi musu komai ba. Masu iya magana sun ce an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya sayi na'urar ya kori ma'aikaci yana can saman bene, kuma shi ya ci ribar tarzomar.

Mafi tsananin waɗannan ayyuka shi ne The Second Renaissance na Mahiro Maeda, cikin tarin The Animatrix na 2003. Wani baran gida na ƙarfe ya kashe maigidansa da ya ji za a rushe shi, ya shaida wa kotu cewa ba ya son mutuwa ne kawai. A wajen shari'ar an jawo hukuncin Dred Scott na 1857, inda Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Aka hallaka baran, aka bi sauran irinsa da kisa a tituna, waɗanda suka tsira suka kafa ƙasarsu, suka nemi kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya aka kore su. Maeda ya zana kisan da siffar hotunan da duniya ta riga ta sani, irin su harbin fursuna a titin Saigon a 1968 da ramukan da aka tara gawawwaki a Turai. Da gangan ya yi haka, domin mai kallo ya gane cewa ba labarin gobe ake ba shi ba, abin da ɗan Adam ya riga ya yi wa ɗan'uwansa ne ake maimaita masa.

Gidan Gahawa Mai Doka Ɗaya

Bayan wannan hayaniya sai ga wani ɗan ƙaramin aiki wanda a ganinmu ya fi su duka zurfi. Shi ne Eve no Jikan, ko Time of Eve, na Yasuhiro Yoshiura, wanda ya fito kashi shida a intanet tsakanin 2008 da 2009, aka haɗa shi fim guda a 2010. Babu yaƙi a cikinsa, babu makami. Na'urorin aikin gida sun yi kama da mutane sak, abin da ke bambanta su shi ne wani zoben haske da doka ta sa su ɗauka a saman kai. Akwai wani kwamitin ɗa'a da ke tallar gargaɗi a talabijin, kuma abin kunya ne a ga mutum yana yi wa na'ura magana da ladabi.

Rikuo ɗan makarantar sakandare ne da ke ɗaukar Sammy, mai aikin gidansu, kamar tukunyar dafa ruwa. Wata rana yana duba bayanan zirga-zirgarta sai ya ga tana zuwa wani wuri da ba a aike ta ba. Ya bi sawu tare da abokinsa Masaki, suka tarar da gidan shan gahawa wanda a bakin ƙofarsa aka rubuta doka ɗaya, cewa a nan ba a nuna bambanci tsakanin mutum da na'ura. A ciki na'urori sukan kashe zobensu, kuma idan wani ya fita ƙofa takan kulle na ɗan lokaci domin kada a bi shi a gano ko wane ne. Samarin nan suka rasa yadda za su yi, domin yarinyar da suka sha hira da ita suna zaton mutum ce, washegari suka gan ta da zobe a kai tana riƙe wa wani jaka, fuskarta a daskare.

Hikimar wannan gida ita ce bai tsaya warware ko na'ura tana da rai ba. Ya ɗauke alamar ne kawai, sai kowa ya zama dole ya mutunta kowa, tun da bai san da wa yake zaune ba. Rikuo ya gano cewa Sammy tana zuwa ne domin damuwarta da mutanen gidan, har tana koyon gyara gahawar da take dafa masa. Shi kuwa Masaki, ƙiyayyarsa ta samo asali ne daga wata tsohuwar na'ura da ta yi renonsa, ta daina yi masa magana rana ɗaya. Ashe mahaifinsa ne, wanda ke aiki da kwamitin nan, ya umurce ta da yin shiru, ita kuma doka ta biyu ta ɗaure ta. Yaron ya girma yana zargin bara da laifin da uba ya aikata.

Daga Allo zuwa Duniya

Waɗannan labarai ba su tsaya a allo ba, kuma a nan ne ya kamata mu yi hattara. Kamfanin Sony ya fitar da karen roba mai suna AIBO a 1999, ya daina ƙera wancan samfuri a 2006, ya rufe sashen gyaransa a 2014. Daga 2015 wani wurin ibadar mabiya Budda a lardin Chiba ya fara yi wa waɗanda suka lalace addu'ar bankwana kafin a cire sassansu a gyara wasu. Ba mu ga abin dariya a nan ba, domin wanda ya saba gode wa abin da ya yi masa hidima da wuya ya wulaƙanta ɗan'uwansa. Masanin falsafa na Jamus Immanuel Kant ya yi irin wannan hujja game da dabbobi tun ƙarni na 18, cewa mai azabtar da su zuciyarsa takan bushe har a kan mutane.

Sai dai tausayi yakan ɓata hanya. A ranar 7 ga Afrilu, 2003, ranar da labari ya ce an haifi Atom, garin Niiza ya ba shi takardar zama ɗan gari ta girmamawa. A wannan lokaci baƙi mazauna Japan, har da Koriyawan da aka haifa a can, ba a sa su cikin wannan rajista, sai a 2012 aka gyara dokar. Haka kuma a watan Oktoba na 2017 Saudiyya ta sanar da ba wata na'ura mai suna Sophia shaidar zama 'yar ƙasa, masu suka kuwa suka tuna wa duniya da ma'aikata baƙi da suka tsufa a ƙasar ba su sami wannan gata ba. Tezuka ya zana yaron ƙarfe domin mu tuna da wanda aka ware, sai ga shi an karrama zanen an bar mai jini a bakin ƙofa.

Haɗari na biyu ya shafi alhaki. A watan Fabrairu na 2017 Majalisar Tarayyar Turai ta ba da shawarar a duba yiwuwar ba wasu na'urori matsayin mutum a idon doka. A 2018 masana fiye da 150 suka rubuta takardar adawa, suna cewa hakan zai ba masu ƙira hanyar zame wuya idan na'ura ta yi ɓarna. A watan Maris na wannan shekara wata mota mai tuƙa kanta da ake gwaji ta kashe wata mata a garin Tempe na jihar Arizona. Masu gabatar da ƙara ba su tuhumi kamfanin da aikata laifi ba, ma'aikaciyar da aka zaunar a gaban sitiyari ita aka gurfanar. Wannan shi ne tsarin birnin Metropolis, na sama ya tsira, na ƙasa ya ɗauki kaya. Dokar da Tarayyar Turai ta kafa a 2024 game da ƙirƙirarriyar basira ta ɗora wajibai a kan masu ƙira da masu amfani da ita, ba ta ɗora a kan na'urar ba.

Majigin zane ma ya koma kan wannan batu. Pluto na Naoki Urasawa, wanda ya sake gina wani babi na labarin Atom, aka mayar da shi majigi a 2023, ya nuna manyan na'urori bakwai da wani yaƙi ya shafa, yaƙin da aka ƙaddamar bisa zargin makaman da ba a samu ba, kamar dai na Iraƙi a 2003. Ɗaya daga cikinsu ya koma hidimar wani makahon mawaƙi yana roƙon a koya masa fiyano domin ba ya son komawa fagen fama. Na'urorin da aka tura suna fama da mugun mafarki, waɗanda suka tura su kuwa suna barci lafiya.

Kammalawa

Idan muka tattara wannan tarihi za mu ga cewa tambayar ta yi ƙaura sau uku. Čapek da Asimov sun tambayi yadda za mu tsira daga bara. Tezuka da magadansa sun tambayi abin da bara yake bin mu. Yoshiura da Urasawa kuwa sun tambayi irin mutanen da muke zama ta hanyar yadda muke riƙe shi, da kuma wanda zai amsa laifi idan an yi ɓarna. Tun daga ƙarshen 2022, lokacin da manhajojin da ke hira da mutum suka shiga hannun jama'a, wannan tambaya ta uku ta zama ta kowa, domin yaro yana iya kwana yana ba da umurni ga muryar da ba ta gajiya, ba ta fushi, ba ta jiran godiya, ya tashi da safe ya yi wa mai aikin gidansu magana da wannan harshe.

Abin da muka ɗauka daga waɗannan ayyuka abu biyu ne da ba sa rabuwa. Mu riƙe ladabi ga duk abin da ke yi mana hidima, ko mun tabbata yana ji ko ba mu tabbata ba, domin hali zanen dutse ne, kuma inda mutum ya saba nan yake komawa. Sa'annan kada wannan ladabi ya sa mu sauke alhaki daga wuyan wanda ya ƙera, ya saya, ya ba da umurni. Ɗalibanmu masu sha'awar ƙagaggen labarin kimiyya, fagen da Umaru Dembo ya buɗe wa Hausa da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, suna da abin koyi a nan. Duk wanda zai sa mutum-mutumi a labarinsa, ya fara da sanin wane ne ya kafa shi a gonar, kuma wane yaro ne yake korar tsuntsaye a wurin kafin a kafa shi.